Babemba Traore: Sarkin da ya mutu ranar da aka fasa ganuwar Sikasso

Ganuwar birnin Sikasso ta yi fiye da wata 15 tana tsaye a gaban rundunar Samori Ture, daga Afrilun 1887 zuwa Agustan 1888, ba a iya keta ta ba. Da shekara goma ta zagayo, sojojin Faransa suka zo da igwa, suka fasa ta cikin mako biyu. Babemba Traore ya ga yaƙin biyu. A na farko yana cikin manyan kwamandojin yayansa, Sarki Tieba. A na biyu shi ne sarkin, kuma bai kwana a duniya ba ranar da birnin ya faɗi, 1 ga Mayun 1898.

A Mali ta yau sunansa na cikin waɗanda yara ke haddacewa tun a firamare, a matsayin sarkin da ya ga mutuwa ta fi masa sauƙi a kan wulaƙancin kamu. Wannan shi ne ƙarshen labarin, kuma shi aka fi maimaitawa. Shekaru goman da suka gabace shi ba su cika samun mai ba da su ba, alhali a cikinsu ne aka yi cinikin da ya ci Sikasso.

An haifi Babemba wajen 1855 a gidan sarautar Kenedugu, daular da ta mamaye kudu maso gabashin Mali ta yanzu. Talakawan ƙasar galibinsu Senufo ne, manoman doya da gero da dawa. Gidan Traore da ke mulkinsu kuwa yana da jijiya a cikin Jula, 'yan kasuwar Mande masu fataucin goro da gishiri da zinariya, dangin Wangarawan nan da tarihin Kano ke ambato. Mahaifinsa, Daula, ya yi mulki daga Bugula. Da sarauta ta faɗo hannun Tieba a shekarun 1870, sai ya ɗauke fada daga can ya mayar da ita Sikasso, garin mahaifiyarsa, wanda a lokacin ƙaramin gari ne. Sarkin Kenedugu ana kiransa Faama, kamar yadda ake kiran sarakunan yaƙi a ƙasashen Mande.

Zaɓen wurin ba na son kai ba ne kawai. Sikasso tana cikin kwari mai ruwa da dausayi, ƙoramar Lotio na ratsa gefenta, kuma tana kan hanyar da fatake ke bi tsakanin dazuzzukan goro na kudu da kasuwannin bakin Kogin Neja irin su Segu da Jenne. A tsakiyar garin akwai wani tudu mai tsayin kimanin mita 30, wanda Faransawa suka raɗa wa suna Mamelon. Tieba ya gina soro a kansa, inda ake hangen duk mai tahowa tun daga nesa. Sa'annan ya kewaye garin da ganuwa, wadda mutanen ƙasar ke kira tata.

Ba a gina tata rana ɗaya ba. An yi kusan shekara 20 ana ƙara mata faɗi da tsayi, Tieba ya fara, Babemba ya ƙarasa. A cikar girmanta, zagayen ganuwar waje ya kai kimanin kilomita 9. Kaurinta a gindi ya kai mita 6, tana sirancewa har zuwa rabin mita a ƙololuwa, tsayinta kuma tsakanin mita 4 zuwa 6. Da jar ƙasa aka gina ta, cuɗe da tsakuwa da duwatsun marmara, irin ginin da in ya bushe harsashin bindigar gargajiya sai dai ya nutse a ciki ya kwanta. Bayan ta waje akwai ganuwa ta biyu da ta kewaye unguwannin fatake da sojoji da masu sarauta, can ciki kuma akwai ta uku, Jonfutu, inda sarki da iyalinsa ke zaune. Bahaushen da ya san badalar Kano ko ta Zazzau ba zai ga baƙon abu a nan ba. Dabarar ɗaya ce: a kewaye fili mai faɗin da zai ɗauki mutanen ƙauyuka da dabbobinsu da rumbunansu idan yaƙi ya taso, yadda mai kewaye birni zai riga na ciki jin yunwa.

Sai dai ƙasar da aka tara ta yi wannan tsayi a kan kawunan mutane aka ɗauko ta, kuma ba dukkansu ne suka zo don ra'ayin kansu ba. Kenedugu daula ce ta yaƙi. Duk rani rundunarta na fita, ta ci garuruwa, ta komo da ganima da bayi. Wasu a sa su noma da gini, wasu a mayar da su sojoji, wasu a musanya su da dawakai da albarushi. A wannan makaranta Babemba ya girma, kuma ya yi suna a cikinta tun yana saurayi.

Fiye da wata 15 a gaban Almami

A watan Maris na 1887, Samori Ture ya sa hannu a yarjejeniyar Bisandugu da Faransawa, ya bar musu gaɓar hagu ta Kogin Neja. Lissafinsa shi ne ya rufe ƙofar yamma na ɗan lokaci, ya juya gabas ya haɗiye Kenedugu, wadda ita ce ta tare masa hanyar samun dawakai daga ƙasar Mosi. Bayan wata guda rundunarsa ta sauka a bayan Sikasso.

Samori ba shi da igwa. Sofa, wato mayaƙansa, sun gwada hawan ganuwa suka sha wuta, sai aka koma zaman jira. Suka kakkafa sansanoni na shingen itace a kan tuddan da ke kallon birnin, amma ba su taɓa iya rufe zagayen gaba ɗaya ba. Hanyoyi suka kasance a buɗe ga mutanen Tieba, abinci na shiga, mahaya na fita su kai farmaki su komo. Masu kewayen ne suka shiga uku, domin hatsinsu daga Wasulu ake ɗauko shi a ka, tafiyar kwanaki masu yawa. Wani hafsan Faransa, Louis-Gustave Binger, ya bi wannan hanya ya isa sansanin Samori a watan Satumbar 1887. Abin da ya rubuta game da ita ya ƙunshi ƙauyukan da suka zama kufai da gawarwakin 'yan dako da yunwa ta kashe a gefen turba. Binger ba ɗan kallo ba ne. Yana ƙidaya bindigogi, yana zana taswira, kuma duk abin da ya gani ya isa teburin manyansa.

Kafin a tashi daga Sikasso, Samori ya rasa zaratan mutanensa, har da ƙanensa Keme Burema, wanda shi ne babban kwamandan dawakansa. A bayansa kuma ƙasarsa ta kama da wuta: al'ummomin da suka gaji da karɓe musu hatsi da tilasta musu barin addinin kakanninsu suka yi bore. A ƙarshen Agustan 1888 ya kwashe sansani ya koma gida kashe gobara.

Sikasso ta yi nasara, amma tun kafin ƙurar ta kwanta an riga an jinginar da nasarar. A watan Yunin 1888, ana tsakiyar kewayen, Tieba ya ƙulla yarjejeniya da Faransawan da ke Bamako, wadda su a wurinsu ta sa Kenedugu ƙarƙashin kariyarsu. A idon Tieba wannan ƙawance ne tsakanin sarki da sarki a kan maƙiyi guda. Faransawa kuwa suna riƙe da takarda daga hannun Samori, suna riƙe da wata daga hannun Tieba, kuma a daidai lokacin da dakarun biyu ke cinye juna, Gallieni yana gina barikinsa a Sigiri, a bakin ƙasar Samori. Runduna biyu mafi ƙarfi a wannan sashe na Afirka ta Yamma sun shafe fiye da shekara suna zubar da jinin juna, wanda ya ci riba kuwa bai harba ko harsashi ɗaya ba.

Ba adalci ba ne a tuhumi Tieba da cin amanar wata Afirka da a zamaninsa babu wanda ya san da ita a matsayin gida ɗaya. Wanda ya zo ƙofarsa da dubban bindigogi Samori ne, Faransawa kuwa 'yan tsiraru ne a can bakin kogi. Amma ba a buƙatar hangen wannan zamani kafin a gane inda aka dosa. A Afrilun 1890 Archinard ya ci Segu, a farkon 1891 ya ci Nioro, a 1893 ya ci Jenne da Banjagara. Ahmadu ɗan Alhaji Umaru Tal, wanda shi ma ya taɓa sa hannu a takardunsu, ya yi hijira gabas har ya ƙarasa rayuwarsa a ƙasar Sakkwato. Duk wanda ke zaune a Jonfutu yana jin waɗannan labarai daga bakin fatake.

Da farko ƙawancen ya yi wa Sikasso rana. Faransawa suka aiko da wakili, Kyaftin Quiquandon, wanda ya zo da igwa ya taya Tieba kewaye garin Kinyan, mazaunin abokin gabarsa Fafa, har garin ya faɗi a 1891. Wannan yaƙi ya nuna wa Babemba da idonsa abin da igwa ke yi wa ginin ƙasa. Ya kuma nuna wa baƙin yadda Kenedugu ke yaƙi, da inda ƙarfinta ya tsaya. Wakilin da ya biyo baya, Jean-Baptiste Marchand, wanda daga baya ya yi suna a rikicin Fashoda, ya matsa wa Tieba ya fita ya auka wa Samori. Tieba ya yi ta jan ƙafa, domin ya fara gane cewa ranar da Samori ya faɗi, shi ne na gaba. Suka rabu dutse a hannun riga. A Janairun 1893 Tieba ya rasu a fagen yaƙi kusa da Bama, a kan hanyar Bobo-Julaso, sarauta ta koma hannun Babemba.

Shekara biyar na sarauta

Babemba ya gaji daula mai ƙarfi da takarda mai nauyi. Siyasarsa ta farko ita ce lallami: yana aika wa Faransawa gaisuwa da kyauta, yana karɓar manzanninsu, amma ba ya barin su kafa ƙafa a cikin birni. A lokaci guda ya ci gaba da abin da ya iya. Rundunarsa ta yi ta kai hari ƙasar Minyanka a arewa da garuruwan Senufo na kudu, wajen Tengirela, a arewacin Kwaddibuwa ta yau. A can ya sake cin karo da Samori, wanda Faransawa suka tuso daga Wasulu ya taso da daularsa ɗungurungum zuwa gabas. Suka gwabza, daga baya kuma aka koma ciniki, har Faransawa suka riƙa zargin Babemba da sayar wa Almami dawakai. Ciniki dai aka yi, ba a kai ga haɗa runduna ba. Jinin da aka zubar a 1887 bai bushe ba a zukatan ɓangarorin biyu.

Yawan ƙarfinsa a ganuwa ya zuba shi. Ya faɗaɗa ta, ya ƙara mata kauri, ya tara bindigogi da albarushi da hatsi. Sarkin da ya ga wannan gini ya karya Samori yana da hujjar dogara da shi. Amma mai ganuwa yana buƙatar bayan gida a buɗe, kuma shi ne abin da ke rufewa a hankali. Voulet ya shiga Wagadugu a 1896. A watan Satumbar 1897 Faransawa suka ci Bobo-Julaso. Segu da Bamako da Buguni duk suna hannunsu. Kafin 1898 ta kama, Kenedugu ta zama tsibiri, kuma tana zaune daram a kan hanyar da suke so su bi su gama da Samori.

Sai buƙatun suka fito fili. Babemba ya riga ya daina aika harajin shanun da ake karɓa daga gare shi duk shekara. A farkon 1898 muƙaddashin gwamnan Sudan ta Faransa, Laftanar-Kanar Audéoud, ya aiko Kyaftin Morisson da saƙon cewa za a girke sojoji a cikin Sikasso. Babemba ya san ma'anar wannan: sarkin da bariki ke cikin birninsa ya zama hakimi. Ya ƙi. Aka sallami Morisson, a kan hanyarsa ta komawa kuma aka tare ayarinsa aka kwashe musu kaya. Audéoud ya sami dalilin da yake nema.

Ranar 15 ga Afrilun 1898 rundunar ta iso. Ba ta kai mutum 2,000 ba, kuma Turawan cikinta 'yan kaɗan ne. Mafi yawan masu riƙe da bindigogin 'yan Afirka ne da aka ɗauka aikin soja, wasunsu tsofaffin mayaƙan sarakunan da aka riga aka ci. Abin da ya bambanta su da Samori shi ne manyan bindigogin igwa na fasa ganuwa da suka jawo tun daga bakin kogi. Suka hau tuddan da ke kallon birnin, suka kafa su.

Mutanen Babemba ba su zauna jiran mutuwa ba. Mako biyu suna fitowa dare da rana suna auka wa sansanin, har sai da Faransawa suka yarda a rahotanninsu cewa sun gamu da abokan karawa na gaske. Amma igwa na yin aikinta daga inda harsashin bindiga ba ya kaiwa. Da asubahin 1 ga Mayu, bayan an buɗe kafofi a jikin ganuwar waje, aka yi kukan kura aka shiga. Aka yi ta yaƙi gida-gida, lungu-lungu, aka ƙwace Mamelon, kafin faɗuwar rana aka fasa Jonfutu. Faransawa sun rasa hafsoshi biyu a wannan yaƙi. Gawarwakin mutanen gari kuwa babu wanda ya tsaya ƙidaya su da gaskiya.

Yadda Babemba ya mutu ya zo ta ruwaya biyu. Rahoton sojan Faransa ya nuna an kashe shi ne tare da dogarawansa a cikin fada. Ruwayar mutanen Sikasso, wadda maroƙa suka riƙe kuma Mali ta ɗauka, ta ce da ya ga an shigo, sai ya zaɓi ya mutu da hannunsa ko da hannun amintaccen dogarinsa, don kada a ja shi a gaban jama'a a ɗaure. Ruwayoyin sun haɗu a wuri ɗaya: yana da damar ya tsere kamar yadda wasu 'yan gidan sarauta suka yi, ko ya miƙa wuya a bar shi da rawani, bai yi ko ɗaya ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi tona asirin masu nasara. Faransa ta haramta bauta a dokarta tun 1848, ta kuma sa hannu a yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta yaƙi da cinikin bayi, kuma da wannan hujja take bayyana yaƙe-yaƙenta da su Samori da Babemba. Amma da aka ci Sikasso, sai aka tara dubban mutanen birnin, aka rarraba su ga sojoji da 'yan dako da masu yi wa rundunar hidima a matsayin ladan aiki. Wani ɗan majalisar dokokin Faransa, Paul Vigné d'Octon, wanda tsohon likitan sojan ruwa ne, ya kai maganar gaban majalisa a 1900, ya kuma rubuta ta a littafinsa La Gloire du sabre, inda aka ambaci kimanin mutum 4,000. An kora su a ƙasa zuwa bakin Kogin Neja, yara da tsofaffi da yawa suka mutu a hanya. Majalisar ta saurara, ta wuce zuwa batu na gaba. Cikin waɗanda aka raba ɗin akwai mutanen da Babemba da kansa ya kamo daga garuruwansu. Su dai ubangida kawai suka sauya.

Labarin faɗuwar Sikasso ya girgiza Samori, domin ya fi kowa sanin abin da wannan ganuwa take. Ya bar arewacin Kwaddibuwa ya nufi dazuzzukan yamma da jama'arsa, yunwa da damina suka cinye su. Ranar 29 ga Satumbar 1898, wata biyar bayan mutuwar Babemba, Kyaftin Gouraud ya kama shi a Gelemu. Aka kai shi Gabon, ya rasu a can a 1900. Daga nan igwar ta juya gabas. Kwana huɗu kacal bayan Sikasso, ranar 5 ga Mayun 1898, aka kashe Kyaftin Cazemajou a Damagaram a zamanin Sarki Ahmadu Kuran Daga, kuma a Yulin 1899 Faransawa suka shiga birnin. A Fabrairun 1903 badalar Kano ta gamu da igwar Ingila.

Bayan samun 'yancin kai, Mali da Gini suka shiga neman gwarazan da za a gina ƙasa a kansu, sai aka jera Samori da Tieba da Babemba a sahu ɗaya, kamar ba su taɓa ɗaga wa juna takobi ba. Masanin tarihin nan na Gini, Djibril Tamsir Niane, ya rubuta wasan kwaikwayo a kan faɗuwar birnin mai suna Sikasso ou la dernière citadelle. Babban filin wasan Sikasso, wanda aka gina don gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka ta 2002, sunan Babemba yake ɗauke da shi. Tun da sojojin Faransa suka fice daga Mali a Agustan 2022, sunan ya ƙara yawo a bakin matasa da masu jawabi a dandali. Ba kasafai ake haɗa shi da yarjejeniyar Yunin 1888 ba, ko da ƙauyukan Minyanka da Senufo da har yau zuriyarsu ke tuna rundunar Kenedugu a matsayin masu zuwa da wuta.

Sikasso yanzu tana cikin manyan biranen Mali, kimanin kilomita 375 daga Bamako, kusa da iyakar Burkina Faso da ta Kwaddibuwa, iyakokin da waɗanda suka fasa ta suka shata. Auduga da dankalin Turawa da mangwaro ne arzikinta, manyan motoci kuma na ratsa ta dare da rana zuwa tashar jiragen ruwa ta Abijan. Birnin ya daɗe da tsallake tata. Ruwan sama ya zaizaye wani sashe, masu gini sun ɗebi wani sun yi tubali, tituna sun yanka ta a wurare da dama. A 2009 gwamnatin Mali ta sa abin da ya rage a jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Guntayen da ke tsaye suna nan a unguwanni irin su Mankurani da Wayerma, jingine da katangun gidajen mutane.